Rubutun gaban riga ma rubutu ne



Yau da tonon asirin kaina zan fara, don kada wani ya ce na hau kujera ina yi wa mutane faɗa a kan ramin da ban taɓa faɗawa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shekarun baya wani abokina ya tashi ƙara aure. Mu 'yan majalisarsu muka ce sai mun shirya masa wasan ƙwallo na abokan ango. Aka yi karo-karo, aka sayo jesi guda ashirin da biyu, za a kai wa mai buga rubutu. Da aka zo kan abin da za a rubuta, sai duk aka juyo ana kallona, wai ai ga marubucinmu nan. Kun san yadda wannan kalma take kumbura kan mai koyon rubutu. Ko minti biyar ban yi ba na kawo. A gaba sunan ango da ranar ɗaurin aure, a baya kuma layi ɗaya: "Ango ya yi sabuwar mota, tsohuwa sai gareji." Majalisa ta kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Wani ma a take ya ce mai shayi ya haɗa mini da ƙwai biyu, shi zai biya. Daren nan na kwanta ina jin ni wani ne.

Ranar wasa, da aka tashi, muka rako ango gida. Uwargida ce ta dafa abincin da muka ci a zaure, 'yarta ta fari kuma ita ke kai da kawo da kwanuka. Yarinyar tana aji uku a firamare, lokacin da yaro ya fara iya haɗa baƙi, ba ya wuce allon shago ko bayan mota sai ya tsaya ya karanta. Ina cikin cin abinci na ji ƙaramar murya a bayana tana cewa, "Sa-bu-war mo-ta." Ta karanta har ƙarshe, sannan ta zagayo gabana.

"Baffa, Abba ya sayi mota ne?"

Na ce a'a, wasa ne kawai.

"To wace ce tsohuwar? Ai mu ba mu da mota."

Maza sama da ashirin a zauren nan, aka rasa mai ba ta amsa. Ta ɗauki kwano ta shige cikin gida tana maimaita layin da ƙarfi, irin yadda yara ke yi idan za su je su tambayi uwarsu ma'anar abu.

Matar nan ba ta taɓa yi mini maganar ba. Idan na gaishe ta za ta amsa, iyakarta ke nan. Sai bayan kusan shekara, wata rana na je neman mijinta, ta leƙo ta ce ba ya nan, har na juya sai ta ƙara da cewa, "Malam, an ce kai ne mai rubutu. Allah ya ƙara basira." Na sha suka a kan labaran da na rubuta, wata sukar har da zagi, amma babu wadda ta zauna mini a ƙirji kamar wannan addu'a.

Abin da ya sa na kawo wannan labari a zauren marubuta shi ne, da yawa daga cikinmu ba mu ɗauki rubutun riga a matsayin rubutu ba. Muna ganin rubutu shi ne littafi, ko gajeren labari, ko waƙa. Layin da ke ƙirjin riga kuwa kamar daga sama ya faɗo. Alhali kowane layi da ka gani a jikin riga, akwai wanda ya zauna ya tsara shi, ya zaɓi wannan kalma ya bar waccan, ya ji daɗin yadda ta zauna. Marubuci ne, ko ya amsa sunan ko bai amsa ba. Kuma rubutunsa ya fi na yawancinmu samun masu karatu. Littafina na farko ban san ko mutum ɗari biyu sun karanta shi ba. Jesin nan kuwa duk unguwa ta karanta.

Ku dubi kuma yadda ake karanta shi. Littafi sai mutum ya ga dama ya saya, ya buɗe, in bai yi masa ba ya rufe ya ajiye. Rubutun riga ba ya sallama. Wanda ya iya karatu ba shi da ikon hana idonsa karantawa, kafin ya ankara ya riga ya karanta. Matar da ke zaune a Adaidaita Sahu tana fuskantar bayan direba, ko ɗalibar da ke bayan wani a layin banki, dole ta haɗiye abin da aka rubuta ko tana so ko ba ta so. Mai rigar kuwa shi ne mutum ɗaya tilo da ba ya ganin rubutun. Ya saka da safe ya manta.

Wannan matsala ba a kanmu ta fara ba, kuma manyan kamfanonin duniya masu ma'aikata dubbai sun faɗa cikinta. A shekarar 2011 kantin Topman na Ingila ya janye riguna biyu daga kasuwa bayan mutane sun yi ca. Ɗaya tana taya mutum murnar sabuwar budurwa, sannan ta tambaya wane iri ce, da kalmar da ake tambayar irin kare ko doki. Ɗayar kuma ta fara da ban haƙuri, sai ta jero uzurori da akwatunan da za a yi wa alama: ke kika tsokane ni, a buge nake, raina ne a ɓace ranar, ban yi niyya ba. Duk matar da ta taɓa shan duka a gidan aure ta san waɗannan kalmomi, don su ake faɗa mata washegari. Kamfanin ya ce raha ce kawai ya nufa. A wannan shekarar dai, kantin JCPenney na Amurka ya janye wata rigar yara mata da ke cewa kyawuna ya wuce in yi aikin makaranta, sai dai ɗan'uwana namiji ya yi mini. A 2015 kuma wani kamfanin kayan wasanni a Indunusiya, Salvo Sports, ya buga a 'yar takardar da ake ɗinkawa cikin jesi don bayanin wanki cewa a miƙa wa mace, aikinta ne. Ya ba da haƙuri daga baya.

Amma wanda na fi so mu tsaya a kansa shi ne na watan Maris na 2013, domin ya shafi sana'armu kai tsaye.

Da yawanku kun taɓa ganin rigunan da ke da hoton kambun sarauta a sama, a ƙasa an rubuta "Keep Calm" sannan wani abu ya biyo baya. Asalin wannan layi wata takardar bango ce da gwamnatin Birtaniya ta buga a 1939, gab da Yaƙin Duniya na Biyu, tana cewa jama'a su kwantar da hankali su ci gaba da harkokinsu. Kusan ba a ma liƙa ta ba a lokacin. Sai a shekarar 2000 aka tsinci kwafi ɗaya a wani shagon tsofaffin littattafai mai suna Barter Books a garin Alnwick, daga nan ta bazu, kowa yana canza rabin ƙarshen yadda ya ga dama: kwantar da hankalinka ka sha shayi, kwantar da hankalinka ka yi rawa, da sauransu.

Wani ƙaramin kamfani mai suna Solid Gold Bomb ya ga kasuwa a nan. Maimakon ya ɗauki mutum ya zauna yana ƙirƙiro layuka ɗaya bayan ɗaya, sai mai kamfanin, Michael Fowler, ya tara jerin kalmomin aikatau masu yawa, ya haɗa da wasu 'yan kalmomi na rufewa, ya bar wa manhajar kwamfuta ta riƙa aura wannan da waccan tana zuba hotunan riguna a shafin Amazon. Ba a buga rigar a zahiri sai wani ya saya. Ana nan sai mutane suka ci karo da abin da manhajar ta haifa: kwantar da hankalinka ka doke ta. Kwantar da hankalinka ka shaƙe ta. Kwantar da hankalinka ka yi ta fyaɗe. Aka yi ta Allah wadai, aka sauke rigunan, mai kamfanin ya fito ya ba da haƙuri yana cewa kwamfuta ce ta haɗa, ba wanda ya zauna ya rubuta haka. Cikin 'yan watanni kamfanin ya durƙushe.

Ni na yarda bai zauna ya rubuta wannan layi da hannunsa ba. Amma wannan bai wanke shi a wurina ba, don akwai hannun da ya saka kalmar fyaɗe a jerin farko bai cire ba, akwai hannun da ya saka "ta" a jeri na biyu, kuma akwai mutumin da ya yanke shawarar sakin dubban layuka ga duniya da sunansa ba tare da ya karanta su ba. Wannan na ƙarshen shi ne laifin, kuma shi ne irin nawa. Ni ma a majalisar nan manhaja na zama. Na ɗauko tsohuwar dariyar da na tarar ana yi, ta kwatanta mace da abin hawa, na aura ta da bikin abokina, na saki. Ban karanta layin da idon kowa ba sai idon maza ashirin da ke gabana. Kuma a yanzu da wasunmu suka fara ba manhaja aikin tsara musu suna ko tallar littafi, wannan uzuri na "ba ni na rubuta ba" zai yawaita. Duk abin da ya fita da sunanka kai ka rubuta shi.

Laifi tudu ne, don haka bari in sauko daga na Turawa.

Hanya ta farko da irin waɗannan riguna ke zuwa mana ita ce gwanjo. Rigar da aka yi wa bore a Landan ba ta mutuwa, sai ta shiga dila, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Kwatano, wata rana a kwance ta a Ƙofar Wambai. Wanda zai saya yana duba kauri ne da ɗinki da farashi. Na taɓa ganin wani dattijo mai faskare, da furfurarsa da tabon sallah a goshi, sanye da rigar sanyi da aka rubuta wata batsa a kan mata wadda ba zan iya fassara ta a nan ba. Na daɗe ina jujjuya yadda zan faɗa masa. Da na daure na ce, "Baba, rubutun rigar nan ba mai kyau ba ne," sai ya sunkuya ya kalli ƙirjinsa kamar yau ya fara ganinsa, ya ce, "Ɗana, ni don sanyi na saye ta." Washegari na gan shi da ita ya juya ta ciki a waje. Wannan bawan Allah ba shi da laifin komai. An ɗora masa maganar wani ne yana yawo da ita, kamar wanda yara suka liƙa wa takarda a baya.

Hanya ta biyu ita ce tamu, wadda ba mu da wanda za mu ɗora wa. Yanzu kusan kowace unguwa akwai mai buga rubutu a riga da kofi da hula. 'Yan aji suna bugawa, 'yan ƙungiya suna bugawa, abokan ango da ƙawayen amarya suna bugawa. Ga kuma al'adar ranar gama jarrabawar ƙarshe a manyan makarantu, inda ɗalibai ke saka farar riga abokai su yi ta rubutu a kai da maka. Ku lura da abin da ake rubuta wa namiji: injiniya, shugaban gobe, an gama da ƙarfin Allah. Ku lura da na mace: saura miji, digiri a kicin, an gama sai ɗaki. Ban da waɗanda ke zaɓar inda za su ɗora alƙalamin a jikin rigar da gangan. Yarinya ta yi shekara huɗu ko biyar tana fama, da yajin aiki da komai, ranar da ta gama abin da abokan karatunta suka ga ya dace su rubuta mata ke nan, da shi kuma za ta yi hoton da za ta ajiye. Bayan mota da Adaidaita ma haka. Tsakanin "Hassada ga mai rabo taki ce" da "Allah ya fi ku" sai ka ci karo da "Mata dangin shaiɗan" an rubuta da fenti mai kyau, direban kuma yini yake yana ɗaukar mata yana karɓar kuɗinsu.

Na san abin da wasu za su ce, domin ni ma shi na ce wa yarinyar nan: wasa ne. Za a ce mu Hausawa mutane ne masu barkwanci, kada a kawo mana tsaurin ido na wasu. To mu duba wasan namu da kyau. Bafulatani da Babarbare suna wasa, Bakano da Bazazzagi suna wasa, jika da kaka, taubashi da taubashiya. Wasan nan yana da zafi wani lokaci, har bawa ake kiran juna. Amma yana da doka. Mutum biyun sun san juna, sun san akwai wasa a tsakaninsu, suna fuskantar juna, kuma wanda aka tsokana yana da bakin ramawa nan take. Daɗin wasan ma a ramawar yake. Kaka ta ce wa jikanta mijin banza wanda ko cefane ba ya yi, shi kuma ya ce ya sake ta ya auri yarinya, kowa ya yi dariya. Yanzu ku gaya mini, uwargidan abokina ta ina za ta rama? Wa za ta mayar wa? Maza ashirin da biyu sun juya mata baya a zahiri, maganar tana rubuce a bayan. Ba ta shiga wasan ba, ba a tambaye ta ba, kuma in ta nuna ta ji haushi a ce kishi ne. Idan ɗaya na dariya ɗaya na haɗiye kuka, sunan abin cin fuska.

Akwai kuma gwaji mai sauƙi da ke tona mu. A ce wa mai rigar ya cire kalmar "mata" ya sa sunan mahaifiyarsa. Nan take za ka ga wanzami ba ya son jarfa.

Kada kuma a fahimce ni cewa tufafi ba su da hurumin yin magana. Sun daɗe suna yi. Matan Waswahili a Kenya da Tanzaniya suna ɗaura zanen kanga, wanda kusan kowanne akwai layin magana a bakinsa, wani addu'a, wani soyayya, wani kuma habaici ne tsagwaro da ake ɗaurawa don maƙwabciya ko kishiya ta karanta. A ƙasashen Togo da Kwaddibuwa akwai atamfar da sunanta ma idon kishiyata. Mu ma mun san habaici, mun san yadda mace ke sa wa akuyarta ko 'yar kyanwarta suna don wata ta ji. Sai dai habaici yana da wadda aka nufa, ita ma gobe za ta ɗauro nata zanen ta mayar. Rubutun da nake magana a kai yana ɗaukar rabin al'umma ne gaba ɗaya ya yi musu kuɗin goro, har da jaririyar da aka haifa jiya.

To a hana da doka mana? Nan ni ban goyi baya ba, kuma na san wasu za su saɓa mini. A Amurka an taɓa kai irin wannan magana har Kotun Ƙoli. Wani saurayi, Paul Cohen, ya shiga harabar kotu a Los Angeles a 1968 da rigar da aka rubuta ashar a kan tilasta wa matasa shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, aka yanke masa kwana talatin, amma a 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Wannan tsarinsu ne, ba lallai ya zama namu ba. Dalilina ni na gida ne. Ranar da aka ce a fara kama masu rigar banza a titi, wa kuke jin za a kama? Dattijon nan mai faskare za a kama, da almajiri, da mai turin baro, waɗanda ba su san me ke ƙirjinsu ba. Wanda ya tsara layin yana zaune a inuwa da wayarsa.

Abin da na ga ya yi aiki shi ne mutane su buɗe baki. A 2005 wasu 'yan mata 'yan sakandare a yankin Pittsburgh na Amurka suka ƙaurace wa kantin Abercrombie & Fitch saboda rigunan da yake sayar wa mata, ciki har da wadda aka rubuta daidai ƙirji cewa wa ke buƙatar ƙwaƙwalwa in yana da waɗannan. Yara ne, ba su da kuɗi ba su da muƙami, amma suka yi ta magana har kamfanin ya janye wasu daga cikin rigunan. A Janairun 2018 kuma H&M ya saka wa wani yaro baƙar fata rigar da ke kiransa birin da ya fi kowa burgewa a daji. Mu da ba mu cika damuwa da rigunan cin zarafin mata ba, wannan kam ta yi mana zafi, don mu aka taɓa. A Afirka ta Kudu har shagunan kamfanin aka far wa. Ina so mu riƙe wannan zafin da muka ji, mu tuna shi ne 'yar'uwarmu ke ji idan ta karanta bayan Adaidaita.

Yanzu ga inda abin ya dawo kan teburinmu. Wani zai ce shi bai taɓa rubuta wa kowa riga ba. Amma sunan littafinka riga ce. Layin da kake ɗorawa a saman hoton bango don talla riga ce. Suna bin mutane har cikin wayoyinsu ba tare da sallama ba, kuma mutum dubu za su karanta sunan kafin goma su karanta labarin. Mun ga yadda ake sa wa littattafan intanet sunayen da ke kiran mace da sunan dabba, ko kayan masarufi, ko a ɗauki bazawara ko 'yar aiki ko matar da ba ta haihu ba a mai da halinta abin tsokana, don kawai a ja masu karatu. In ka yi magana a ce ai ka karanta ciki ka gani, a ƙarshe ita ce ta yi nasara. Wataƙila haka ne. Amma bazawarar da ta ci karo da sunan tana duba saƙonninta da safe ba ta kai babi na arba'in ba. Abin da ta gani ta gani. Kuma ba maza kaɗai ke yin wannan ba, 'yan uwa mata marubuta ku ma kun san da haka.

Ba ina cewa kada mugu ya yi mugunyar magana a cikin labari ba. Wannan kuskure ne da masu koyo ke faɗawa in an yi musu irin wannan nasiha, sai su wanke kowa tas, labarin ya zama lami. A'a. Ka bar azzalumin miji ya faɗi abin da azzalumai ke faɗa, har ma ya fi na bayan mota muni. A cikin labari maganar tana da mai ita, tana da wadda aka faɗa wa, mai karatu yana ganin fuskarta lokacin da ta ji, yana ganin abin da ya biyo baya. Da a labari na sa wani ya ce tsohuwa sai gareji, sannan na nuna yarinya tana haɗa baƙi a bayansa, da na yi rubutu mai kyau. Riga ba ta da babi na biyu. Layi ɗaya ne tsirara, kuma duk wanda ya karanta zai ɗauka ra'ayin mai ita ne, ya kuma ƙara tabbata cewa haka ake magana a gari.

Shi ya sa gajeren layi ya fi dogon labari wuya, ko da yake mu muna ɗaukarsa abin minti biyar. Abin da nake yi yanzu, in an ce in tsara suna ko layin talla ko na riga, sai in bar shi ya kwana. Da safe in karanta shi da ƙarfi, a hankali, gaɓa-gaɓa, yadda ɗan aji uku zai karanta. Sannan in tambayi kaina wa aka yi wa dariya a nan, kuma yana wurin lokacin da aka tsara? In amsar ita ce wata ce da ke cikin gida tana dafa mana abinci, sai in yaga. Dariyar majalisa ba ma'auni ba ce. Mutum goma masu ra'ayi ɗaya za su yi dariya a kan komai, musamman in akwai mai biyan kuɗin shayi. Abin dariyar da ya fi wuya, wanda kuma ya fi daɗewa, shi ne wanda marubuci ya juya wa kansa ko ya ɗaga sama ga masu ƙarfi. Da na rubuta cewa abokan ango ashirin da biyu, gudummawa naira ɗari biyar, da an yi dariya, kuma gaskiya ce.

Kwanaki wani ƙanena da ke shirin gama makaranta ya turo mini jerin layuka goma da 'yan ajinsu suka tattara, wai in zaɓar musu wanda ya fi. Bakwai a kan matan ajin ne. Na tambaye shi ko akwai mace a cikin waɗanda suka tsara, ya ce a'a, amma ai su ma za su saka. Na ce ya kai musu jerin su zaɓa da kansu. Bai sake turo mini komai ba, ban kuma san me suka buga ba.

Jesin nan kuwa ba su ƙare da bikin ba. Kowa ya kai tasa gida, wani ya ba ƙanensa, wani ya bayar sadaka. Bayan shekara biyu na ga ɗaya a jikin wani mai ruwa yana tura kurarsa a layin gidan abokin nawa, rubutun ya ɗan koɗe amma ana karantawa sarai, kuma a ƙofar matar nan yake sauke jarka kullum. Na tsayar da shi na ce ya sayar mini. Ya yi ta kallona yana mamakin mai son tsohuwar riga da gumi, na ba shi kuɗin sabuwa ya cire ya miƙo. Da tawa, da wasu biyu da na karɓo wurin abokai, huɗu ke nan na ƙona. Saura goma sha takwas, har yau ban san jikin wa suke ba.